Adakar da ta Cinye Yatsun Kawu

Jiya na ji warin albarushi, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Zamanin En'e, kura ta cinye masa jaki a Wurma, ya shiga neman bindiga adaka mai ƙanƙarar ƙyasta wuta, mai araha. Al'adarsa, yakan ɗaure sabuwar bindiga a bishiya, ya ja kunamar da igiya daga nesa. Wani dillali a Dutsin-Ma ya sayar masa da wata, ya ce, "Haba Malam, wallahi na gwada ta!" Kawu ya ji nauyin rantsuwar, bai gwada ba. Harbin farko ta fashe, ta tafi da yatsunsa uku na dama. Har ya rasu da hagu yake cin tuwo. Shi ya yafe, ni ban yafe ba. Allah ya jiƙan Kawu. Dillalin nan kuwa, Allah ya isa!