Idon Hagu na Ragon Basira

Mustafa taubashina ne, ɗan gwaggona, saboda haka ina da ikon in faɗi halinsa yadda na ga dama, in ya ji haushi ya sha fura ya kwanta. A Kore Mairuwa aka haife shi, shekara biyu kafin ni, kuma tun muna yara Allah ya jarrabe mu da idonsa. Ka sa sabuwar riga ranar salla, kowa na yaba ta, shi kuwa sai ya nuna maka inda tela ya karkata aljihu. Ba mugunta ba ce, haka aka halicce shi. Amma wallahi akwai ranakun da na so in cusa masa ƙasa a baki.

Bai daɗe a lakwal ba, wato makarantar boko. Ubansa ya haɗa shi da wani Bafulatani maƙwabcinsu mai garken tumaki, ya yi shekara bakwai yana bin su daji, can ne idon nan ya sami abin yi. Sau ɗaya ya tafi cin rani Kamba, ya dawo yana kushe ruwan garin. Daga nan ya zauna kasuwar dabbobi, yana nan har yau da furfura ta cinye masa gemu.

In sallar layya ta matso, kasuwarsa ta buɗe. Kowa ya san ragon layya ba ya son aibi: ba mai ido ɗaya, ba gurgu, ba ramamme, ba wanda aka datse wa kunne da yawa. Duk wanda rago ya yi masa, kafin ya kama igiya sai ya ce a kira Mustafa. Shi kuma ya buɗe baki ya duba haƙora, ya girgiza ƙaho, ya sa a ja ragon gabansa, sannan ya kaɗa yatsa gaban kowane ido ya ga ko zai ƙifta. Wani mai sayarwa ya taɓa tura masa goro cikin aljihu don ya yi shiru. Ya ciro ya ɓare, yana tauna yana gaya wa mai saye cewa ragon na ɗingishi. Mustafa ba shi da shago, gonarsa ma ƴar kaɗan ce. Abin da yake da shi a duniya shi ne in ya ce rago lafiya lau, har mutanen Tibiri ba su sake tambaya.

Matarsa Basira kiwo take yi. Bara ta sayi ɗan rago balami fari tas, ta yi wata takwas tana ɗawainiya da shi: harawar wake, dusa, ruwan tsari, wanka da sabulu. Mustafa na cewa ragon ya fi shi gata a gidan, kuma gaskiyarsa. Ɗakin Basira yoyo yake duk damina, niyyarta ta sayar da ragon ta sa kwano, ga shi hadari ya fara haɗuwa gabas.

Saura kwana goma salla sai ga Mustafa wurina da hantsi, ya zauna ko gaisuwar kirki babu. Ya ce ya lura ragon ba ya waiwaya sai ta dama, ya gwada shi Basira na wurin daka. Idon hagu garau yake a gani, amma ba ya ganin komai. Na ce to ya gaya mata mana. Ya ce gobe. Mutumin da ya kunyata manyan dillalai a tsakiyar kasuwa, wai shi ne ke cewa gobe. Na yi masa dariya har da hawaye, daga baya kuma ya ba ni tausayi, don na san yoyon ɗakin nan, na san wata takwas ba wasa ba ne.

Goben nan ba ta zo ba har labarin ragon ya kai Dogon Dutsi. Luƙman, wani saurayi mai shagon waya a can, irin masu bin ƙa'idar addini dalla-dalla, ya zo da babur yana nema wa mahaifinsa ragon layya. Aka fito da ragon ƙofar gida, maƙwabta muka taru, Basira na tsaye cikin zaure tana saurare. Luƙman ya shafa bayansa, ya yi ta faɗin masha Allah, har ya naɗe igiyar a hannu.

"Baba Mustafa, in ka ce ba shi da aibi, ba ni da sauran magana," in ji shi.

Mustafa ya duba haƙora, ya daɗe yana dubawa kamar yau ya fara ganin bakin rago. Ya girgiza ƙaho. Ya kaɗa yatsa gaban idon dama, ya ƙifta. Sai ya miƙe yana kakkaɓe hannu, ya tsallake na hagu. Ni na gani. Ya gyara murya, ya fara cewa shi dai bai ga wani abu ba.

"Malam, saura ɗaya idon," in ji Basira daga zaure.

 Ta ce ita ke ba ragon nan abinci safe da yamma, ta riga mijinta lura, tana ta addu'a ne Allah ya sa kuskurenta ne. Yanzu da ta ga ya tsallake idon, ta san ba kuskure ba ne. Ta ce wa Luƙman ya yi haƙuri ya nemi wani, wannan ba ya layya. Sannan ta juyo ga mijinta, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"Rago zan sake wani baɗi in da rai. In ka zubar da maganarka a ƙofar gidana, ina zan samo maka wata?"

Mustafa ya karɓi igiyar daga hannun Luƙman. Ya durƙusa gaban jama'a, ya kaɗa yatsa gaban idon hagu sau uku, don kowa ya gani da idonsa.

"Makaho ne ta nan," in ji shi. Ya ja ragon ya shige gida bai ɗaga kai ba.