Doguwa da Kwamfutar Ɗakin Masu Jin Jiki

Doguwa ake ce mata, ko da yake shekaru sun fara ranƙwafar da ita. Nas ce a ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu. Nan ta ci ƙuruciyarta, nan furfura ta same ta.

Da asibiti ya kawo kwamfutar da ke bin awon jini da bugun zuciya tana ba likitoci shawara, Doguwa ta taɓe baki. Autarta ta yi ta tsokanar ta a gida: "Mama, ke da wayarki ma sai an buɗe miki?"

Kwamfutar kuwa ta cika baki. Majinyaci ya motsa hannu, ta yi ƙarar gargaɗi. An ɗan makara da awon zafin jiki, ta yi ƙara. Ma'aikata suka saba danna ta su wuce. Wata rana da hantsi ta yi gargaɗi cewa maganin da aka rubuta wa wani tela ya fi ƙarfin ƙodarsa. Ba wanda ya karanta. Telan ya sha da kyar, sai da aka yi masa wankin ƙoda.

A taron da ya biyo baya Doguwa ta ce, "Likita, wanda ya wuni yana kiranka a banza, ran da ya kira da gaske ba za ka waiga ba."

Babban likita ya ce, "To Sista, tunda gwiwa ta fara hana ki tsayuwa, ki zauna da injiniya ku rage mata surutu."

Haka ta koma wani ƙaramin ofis kusa da ma'ajiyar magunguna. Ita da injiniyan, wani mai sanƙo da ba ya gajiya da gardama, suka bi gargaɗin ɗaya bayan ɗaya. Wani ta sa a cire, wani ya ƙi. Ta so a kashe gargaɗin da ke tashi idan bugun zuciya yana hawa a hankali. Ya nuna mata sau da yawa shi ke fara tona cutar da ta shiga jini. Ta ce, "Ka fi ni gaskiya. Bar shi."

Ranar da ta yi ritaya aka haɗa mata ɗan shayi a bakin ɗakin. Ana tsakiyar yabon ta kwamfutar ta yi ƙara. Nas biyu suka ajiye kofuna suka ruga ciki, likita ya bi su, jawabinsa a rabi. Doguwa ta ja kujera ta zauna, ta ƙarasa shayinta.