Babur Marar Dangi

Ila bai taɓa cutar kowa ba, amma fenti ya cuce shi. Shekarar da aka sallame su daga masaƙa ya sayi babur na hannu, ya fara acaɓa a tashar Kawo don ya ciyar da iyalinsa. A jikin tankin an rubuta Honda ɓaro-ɓaro. Ashe wani mai walda ne, Jibrin, ya harhaɗa shi a rumfarsa, inji daga nan, ƙafafu daga can, abin da ya ƙi shiga ya goge shi har ya shiga. Sunan kuwa don kwalliya ya rubuta.

Muddin Jibrin na raye babur na tafiya, don shi kaɗai ya san cikinsa. To, don Allah wane irin gwani ne zai tafi kabari da saninsa bai faɗa wa kowa ba?

Bayan rasuwarsa fistin ɗin cikin injin ya lalace. Ila ya sayo na Honda, ya ƙi zama. Ya ƙunshe tsohon a tsumma ya zaga Panteka, kasuwar kayan gyara, da shi rumfa-rumfa.

Wani tsohon bakanike ya jujjuya shi, ya yi dariya ya ce, “Malam Ila, babur ɗin nan naka ba uwa ba uba. Sai dai ka taso Jibrin ka tambaye shi.”

Yanzu Ila dako yake yi a Babbar Kasuwa, bayansa ya ranƙwafe. Babur ɗin yana jingine a tsakar gida, matarsa na ɗaure akuya a jikinsa.