Ranar da na dirje lambobin sojan Jamus

Shekara biyu na yi ina jinyar wani tsoho Bature a garin Woodbridge, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Babban aikina ɗaya ne, kada kwanciya ta ci masa baya. Duk awa biyu in juya shi, in shafa masa mai, in duba ƙugunsa inda fatar ta yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ko sau ɗaya ba ta fashe a hannuna ba, kuma ina alfahari da haka.

A falonsa akwai akwatin gilashi cike da lambobin yabo na sojan Jamus. Shi bai taɓa zuwa yaƙi ba, saye ya yi ta yi tun yana da ƙafa. Ɗansa, ma'aikacin gwamnati a unguwar Southwest, yakan zo ran Asabar. Daga bakin ƙofa zai gai da uban, ya zarce wurin akwatin, ya sa farar safar hannu. Ya kara maganaɗisu a jikin wata baƙar lamba mai siffar gicciye don ya ga ko cikinta ƙarfe ne, ya juya bayan wata lambar yana neman tambarin maƙeri. Ta jabu gefe, ta gaske gefe. Ban taɓa ganin ya riƙe hannun ubansa haka ba.

Ni kuwa 'yar Zangon Kumasi ce, a gidanmu tukunya ba ta kwana da baƙi. Kullum na gifta akwatin nan sai raina ya sosu, azurfa ta yi baƙi ƙirin ba mai kula. Wata Laraba tsohon yana barci na kwaso su, na kawo lemon tsami da gishiri da soson ƙarfe, na dirje su tas. Da suka yi ƙyalli sai wata alama mai lanƙwasassun ƙafafu huɗu ta fito fili. Na tura wa 'yata hoto, ta bugo nan take.

"Umma, ajiye su ki wanke hannunki. Tambarin waɗanda suka ƙona mutane ne a yaƙin duniya."

Ashe ni baƙar mace na zauna ina yi wa wannan ƙazanta kwalliya.

Ran Asabar ɗan ya gani, fuskarsa ta yi jawur. Ya ce baƙin nan shi ne shaidar tsufansu, shi masu saye ke nema, yanzu na mai da su kamar na jabu. Wato dattin ake saya. Yana cikin faɗa lokacin juya tsohon ya yi, na ce bari in je. Ya ce in bar shi, in tattara kayana kawai. Na roƙe shi ya riƙa juya shi duk awa biyu, ya fara da hagu. Ko ɗago kai bai yi ba.

Bayan 'yan makonni ina jiran jirgin ƙasa a tashar Largo sai ga kiran ɗan a waya. Na zaci so yake in koma, kuma wallahi da na koma. Ashe mai ƙiyasta kuɗin lambobin ne ke son sanin ainihin abin da na goge su da shi, kafin a kai su gwanjo. Na tambaye shi jikin Baba.

"Ya rasu makon jiya," in ji shi. "Gyambon bayansa ne ya shiga jini. To, me kika sa musu?"

Ban taɓa jin ƙyamar ɗan Adam kamar ta wannan rana ba. Na kashe wayar. Jirgi ya zo ya tafi, ina nan zaune a kan benci.