Wutsiyar Saƙa

Shekarar da aka kawo ni gidan miji ruwa ya yi yawa. Kogi ya haura fadama, ya shanye hanyar da fatake ke bi da jakunansu zuwa Barno, duk mai son shiga Haɗeja sai ya nemi kwalekwale. Maigidana masunci ne, da sassafe yake ɗaukar gora da koma ya fita. Ni kuwa in na gama surfe da girki, sai zaman shiru.

A gidan akwai gwaggonsa, tsohuwa mai ƙarancin magana, wadda marigayi mijinta masaƙi ne. Wata rana ɗakinta ya yi yoyo, ta kira ni in taya ta shanya kaya. A ƙasan wani adudu na tarar da guntayen saƙa, sirara, faɗin yatsu uku, wasu kamu ɗaya, wasu ba su kai ba. Akwai farare, akwai rinannu, da wani ja mai santsi wanda hannuna bai taɓa jin irinsa ba.

Na ce, "Gwaggo, wannan fa?"

Ta ce, "Alharini ne, ta hamada ake kawo zaren. Duk wutsiyar saƙa ce, abin da ke raguwa in mijina ya yanke saƙarsa. Ba su isa hula ba, na dai kasa zubarwa."

A gidanmu na taɓa ganin wani baƙo Babarbare ya shimfiɗa dogon ƙyalle a kan tabarma kafin ya ɗora akushinsa, abin ya zauna mini a rai. Na roƙe ta ta ba ni in haɗa irinsa. Ta turo mini adudun da ƙafa.

Kwana uku ina ɗinki. Na jona guntaye suka yi tsawo, na jera layi biyar, jan a tsakiya. Da na shimfiɗa shi sai ya lanƙwashe kamar lauje. Na danne shi da dutsen niƙa, da na ɗaga ya koma yadda yake. Ban ji haushi ba, mamaki ne ya kama ni. Kowane ƙyalle miƙaƙƙe ne, to daga ina karkatar ta fito?

Na kai wa Gwaggo. Ta juya shi, ta ja nan ta ja can.

"Ban sani ba, 'yar nan. Na tsufa ina ganin maza suna haɗa sawayen saƙa a zaure, ban taɓa tambaya ba." Ta gyara zama. "Warware mu gani."

Muka warware. Muka riƙa jan ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ita da gefe ni da gefe. Fari yana miƙewa, rinanne ya ƙi, alharini kuma sai zamewa. Ta tuna masu bugu suna yayyafa wa tufa ruwa kafin su buge ta, sai muka jiƙa su, muka kife turmi muka yi ta bugu da muciya. Shuni ya zuba, fararen suka koma launin sararin sama. A ranar na fara jin dariyar Gwaggo.

Amma da na sake ɗinkawa, ya sake karkacewa. Sai ta zauna kusa da ni tana bin hannuna da ido.

"Kullum daga nan kike farawa?"

"Eh, Gwaggo."

"Babban yatsanki yana jan ƙyallen da ke sama. In kin tafi da wannan layi, dawo da na biyun ta can."

Na yi haka, layi ɗaya tafiya, ɗaya dawowa. Ya kwanta sumul.

Da yamma na shimfiɗa wa maigida, na ɗora tuwon shinkafa da miyar kifi. Ya duba, ya ɗauke akushin a hankali ya ajiye a tabarma.

"Wannan ai ya fi ƙarfin miya," in ji shi.

Gwaggo ta jawo ƙyallen gabanta, ta ɗora ƙwaryarta a kai. Tana ci tana nuna mini da yatsa: wannan ragowar zanen aurenta ne, wancan na rigar wani mahauci ne da ya ƙi son launin. Miya ta ɗiga a kan jan, na yunƙura zan goge.

Ta ce, "Bar shi. Zauna ki ji labarin wannan kuma."