Gaisuwar da Baffa Ya Kawo daga Bakin Teku

Duk sanda ruwan farko ya sauka, na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa gauraye da na kashin shanu, sai in tuna daminar da Baffa ya dawo daga Faransa. Ƙanin mahaifina ne, malamin dabbobi, an tura shi kwas kan kiwon shanun madara. Lokacin muna ƙauyenmu a ƙasar Zurmi, garke cike, ba wanda ke rufe ƙofa da rana.

Mu yara tsaraba muke jira. Kaka kuwa, da idonta ya fara rauni, tambaya ɗaya ta yi masa bayan ya sha fura: "Mutanen can, yaya suka gaisawa?"

Baffa ya ce a gidan wani tsoho mai shanu aka sauke shi, can bakin teku. Tsohon yana jin Faransanci, amma yarensa na gado daban ne, Bireton ake ce masa. Da yana yaro ana hukunta shi a makaranta in ya yi shi, yanzu kuma jikokinsa ba sa ji. Da ya ga baƙo na son koyo, sai ya riƙa koya masa suna tatsa.

Muka zauna a rumfa, yayyafi na buga kara, Baffa na koya mana. In an haɗu a ce "demat". In an yi maka alheri ka ce "trugarez". Wannan ta biyun ta gagare mu, harshe ya ƙi lanƙwasa, muna ta dariya.

"Shi ke nan?" in ji Kaka. "Ba gajiya, ba iyali, ba shanu? Wagga gaisuwa ta masu sauri ce."

Amma ita ta fi kowa riƙewa. Duk safiya in Baffa ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, sai ta fara da "demat", sannan ta bi shi da gaisuwarmu tiryan-tiryan, har ta kai kan maruƙa. Ta ce tausayin tsohon take ji, mutum a gidansa ba mai amsa masa. Haka ta yi ta yi har Allah Ya karɓi ranta.

Ka san abin da ya same mu daga baya, ba sai na ja ba. Shanun sun tafi a hannun 'yan bindiga, ƙauyen ya watse. Baffa yanzu yana ɗakin haya a Ƙauran Namoda, bayan kasuwar hatsi, ya tsufa fiye da shekarunsa. Mu ma gaisuwarmu ta gajarce. A waya ake yi: kuna lafiya, ba su shigo ba, to madalla.

Watan jiya na je duba shi. Da na miƙe zan tafi, sai ya faɗo mini a rai cewa ban san yadda mutanen can na bakin teku ke ban kwana ba. Na tambaye shi. Ya daɗe yana kallon bango, leɓensa na motsi.

"Ta ɓace mini," ya ce. "Tashi ka tafi, ɗana, kada la'asar ta yi maka a hanya."

Na hau babur na kama hanya.