Takardar Haihuwata a Jidda Ta Ce Na Mutu

Wallahi saura kaɗan in haɗiye wannan labarin. Kun san ni, ko Kumasi na je ko Hartum, kafin in kwance kaya na ba ku labari har da ƙari. Wannan karon sati uku ina kewaye shi. Amma tunda kun ishe ni da "Alhaji, me ya sa ka yi shiru haka?", to ku gyara zama.

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani abokin tafiya da bai taɓa hawa jirgin sama ba. Tun daga tashi har sauka yana riƙe da hannun rigata, ya karance duk abin da ya haddace, har da addu'ar shiga kasuwa.

Ga abin da ya kai ni. A Jidda aka haife ni. Iyayena sun je hajji da ƙafa, suka zauna a can. Ina ɗan shekara biyar Inna ta dawo da ni Kano, Baba ya ƙi tahowa, ya sake aure, ya haifi mace guda. Bara ya rasu, ya bar ɗan gida a unguwar Kurayyat, inda ƙanwar nan tawa take zaune da 'ya'yanta marayu. Kafin ya cika ya faɗa gaban shaidu cewa yana da ɗa a Kano. To kotu ta ce ba za ta ba da takardar gida ba sai ɗan nan ya zo da shaidar haihuwarsa. In ba takarda, ranar da hanya ta biyo ta wajen aka zo rushe gidan, ƙanwata ba ta da bakin magana. Ban faɗa wa Inna dalilin tafiyar ba, don ba ta son a ambaci Jidda. Na ce mata umra zan je, kuma na yi umrar, kada ku ce na yi wa tsohuwa ƙarya.

Jidda ta canja, jama'a. Ko'ina rusau ake, ko'ina gini, motoci sun yi wa jakunan masu ruwa yawa. Zafin kuwa ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, kana tsaye kamar an rufa maka bargon da bai bushe ba. Ƙanwata ta tarbe ni da kuka da ful, waken nan nasu, da burodin tamis mai faɗin faifai. Hausarta rabi Larabci ce. 'Ya'yanta kuma ina magana suna ganewa, amma in za su amsa sai su yi ta dariya suna ɓuya a bayanta.

Washegari na nufi unguwar Bagdadiyya, wani ofis a tsohon bene mai tagogin katako. Nan aka tara littattafan shehunan unguwanni na dā, waɗanda suke rubuta wanda aka haifa da wanda ya mutu. Na yi sa'a magatakardan Bahaushen Sudan ne, mai fara'a. Muka yi ta tsokanar juna, yana cewa Kanawa ba mu iya shayi ba, ina cewa su kuma sukari suke sha da ɗan shayi a ciki. Ya shiga wani ɗaki mai warin tsohuwar takarda, ya daɗe, ya fito da littafi rabinsa gara ta ci.

Ya bi layi da yatsa. Sunan Baba, ga shi. Sunan Inna, ga shi. Abubakar, namiji, ga ni. Sai yatsan ya tsaya. Na ga ya ja kujerarsa baya kaɗan, a hankali, wai don kada in lura.

"Ya Hajji," ya ce, "kai ne Abubakar ɗin, ko ƙanensa?"

"Ni ne dai, tun da na san kaina."

Ya juyo mini littafin. A gefen sunana, da tawada iri ɗaya, hannu iri ɗaya, an rubuta kalma guda: mutawaffa. Wato mamaci. Kwana bakwai da haihuwa.

Na yi dariya, na ce to ashe na daɗe ina cin abincin mutane a banza. Bai taya ni ba. Ya ce ba zai iya ba mamaci takarda ba, sai in kawo wanda ya ga abin da ya faru da idonsa.

Na fito da azahar. Kun san azahar ɗin Jidda, kowa ya rufe kanti ya shige, gari ya yi tsit kamar an kwashe mutane. Na duba ƙasa, ban ga inuwata ba. Na san rana ce ta tsaya a tsakiyar ka, ni da na zaga duniya, amma sai da na ɗaga ƙafa na leƙa. Na tsayar da ƙaramar bas, direba ya dube ni sarai ya wuce. Ta biyu ma haka. Da na isa gida na yi sallama sau biyu ba a amsa ba, ina jin motsinsu a ciki. Sai a ta uku ƙanwata ta ce, "Yalla shigo mana, Yaya, kai baƙo ne?"

Ita ce ta tuna da wata tsohuwa a unguwar Bani Malik, ungozomar mutanenmu tun zamanin bukkoki. Muka same ta a ɗan ɗaki mai duhu, idonta ya tafi, tana jan carbi. Ƙanwata ta ce ga ɗan Malam, wato Baba, da ke Kano ta kawo. Tsohuwa ta daina jan carbin. Ta miƙo hannu ta shafa fuskata, ta lalubo kunnena na hagu, inda yake da ɗan tsagu tun ina jariri.

"Ajuji," ta ce a hankali. "Wa ya ce ka dawo garin nan?"

Ajuji sunan da Inna take kirana ke nan. Na san ni ɗan wabi ne, na san uku sun riga ni sun koma. Abin da ban sani ba shi ne sauran.

"Uwarka ta ce ba za ta binne na huɗu ba. Ranar suna muka kai ka juji muka ajiye, muka juya baya muka yi kuka, muna cewa shi ma ya koma, don mai ɗaukar 'ya'yan nan ya ji ya haƙura. A garinmu iyakarta ke nan, magana ce, a faɗa iska ta kwashe. Ina muka san nan ba haka ba ne? Maƙwabta suka ji kuka, suka kai wa shehun unguwa, shi kuma ya ɗauki alƙalami."

Na ce to me ya hana a je a ce masa kuskure ne?

"Ubanka ya so. Uwarka ta riƙe masa riga. Ta ce tunda har an rubuta, ai ya fi kamawa. Kwana uku tana zaune ana yi mata gaisuwa, nono na zuba a zanenta, kai kuwa kana nan ɗakina, ƙarƙashin gado, in ka motsa in sa maka yatsa a baki."

Ta nuna gadon da haɓa. Ban duba ba.

Da farko ta ƙi zuwa shaida. Ta ce abin da aka rufe shekara arba'in da wani abu, ba da hannunta za a buɗe ba. Sai da ƙanwata ta durƙusa ta ce, "Ya Hajja, gidan marayu ne fa," sannan ta yarda. Aka nemo wani tsohon wanzami, wanda ya yi mini aski a ɓoye, suka zama su biyu.

Ranar da aka gyara, magatakarda ya ɗauko jar tawada ya ja layi a kan kalmar nan, ya buga hatimi, ya ce, "Halas, shi ke nan. Mabruk, barka, ka tashi daga matattu." Aka yi dariya. Ni kuwa, cikin zafin nan, sai na ji sanyi ya bi bayana, kamar wanda aka yaye wa mayafi yana barci. Ni Musulmi ne, na san kwana a hannun Allah yake, babu jujin da ke ƙara shi, babu alƙalamin da ke rage shi. Duk da haka, daga ofis zuwa Kurayyat sau huɗu na waiwaya.

Kotu ta karɓi takarda. Na ce na yafe wa ƙanwata rabona, gida ya zama nata da hatimi. Na yi tsarabar dabino da turare, muka kamo hanya. A dawowa abokin tafiyata barcinsa ya sha, ni ne na riƙe hannun rigarsa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini: in za ka je tonon asalinka, fara tambayar tsofaffin gidanku me suka rufe, da dalilin rufewar. Ni ban tambaya ba.

Da na isa gida na shiga ɗakin Inna, na ajiye mata dabino, na ba ta labari tiryan-tiryan, ina sa wasa a ciki don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce in miƙo takardar. Ba ta iya karatu, amma ta daɗe tana shafa hatimin da babban yatsa.

"Yanzu sun rubuta kana raye ke nan?"

Na ce sun rubuta, Inna.

Ta dubi ƙofa, ta dube ni, ni da furfurata da jikokina. Ta rage murya ta ce:

"To yanzu a ina zan ɓoye ka?"